Auta da Ƙarfe: Nazarin Matashin da Motsa Jiki Ya Zame wa Jaraba a Kano

Sati biyu bayan ƙaramar Sallar 2024 aka turo min shi daga ɗakin masu ciwon ƙoda. Ni aikina gashin ƙashi ne a wani asibiti a nan cikin Kano. Ba likita ba ne ni, amma kowa Likita yake ce min, tun ina gyarawa har na gaji na bari. Takardar da ya zo da ita gajera ce: ciwo a ƙwaurin dama, a duba, a nuna masa yadda zai koma motsa jiki sannu a hankali. Can ƙasa kuma, da wani biron daban, wata ma'aikaciyar jinya ta ƙara kalma huɗu: "Ba ya jin magana."

Ya amince in rubuta labarinsa bisa sharaɗin kada in faɗi sunansa ko unguwarsu. A gida Auta ake ce masa, ni ma da shi zan kira shi. Shekararsa 29 a lokacin, yana da mata da 'ya ɗaya, yana zaman shagon yayansa a Kantin Kwari, inda suke sayar da shadda da yadin maza. In ka gan shi a hanya sai ka sake waiwaye: kafaɗa a shimfiɗe, ƙirji a buɗe, damtse ya cika hannun riga tam. Yana ɗingishi, yana kuma ƙoƙarin kada in gani. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Likita, yaushe zan koma?"

Na ce, "Kasuwa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Tirenin."

Mutumin da bai cika wata ɗaya da tsallake wankin ƙoda ba ke nan.

Mafari

Mahaifinsu ya rasu a watan Afrilun 2020, cikin kwanakin nan da aka kulle Kano saboda korona, lokacin da dattawa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya har mutum ya daina ƙirga rasuwar da ya ji. Auta ne ya yi ta yawo da shi a mota cikin dare ana neman inda za a karɓe shi, a kan cinyarsa kuma ya cika. Kasuwa a rufe, zaman makoki an taƙaita, ba shiga ba fita. Barci ya ƙaurace masa. Ya ce da ya rufe ido sai ya ji numfashin tsohon a kunnensa. Wata asuba, bayan ya idar da salla, maimakon ya koma shimfiɗa sai ya bi lungunan unguwa da gudu, da silifas a ƙafarsa, bai tsaya ba sai da ƙirjinsa ya yi kamar zai tsage. Ranar ya yi barci har azahar.

"Ranar da na yi gudu, ranar nake barci." Haka ya faɗa min, kuma duk abin da ya biyo baya a kan wannan maganar ya ginu.

Da aka buɗe gari ya sayi kambas ya koma titin BUK, daga Ƙofar Na'isa zuwa Kabuga ya dawo, cikin ayarin masu fitowa da sassafe: tsofaffin ma'aikata masu hawan jini, 'yan ƙwallon unguwa, samari masu shirin shiga soja. Asalinsa siriri ne, a majalisarsu Sillan Kara suke ce masa tun suna sakandare. A 2021 wani abokinsa ya kai shi wani kango inda samari ke ɗaga ƙarfe. Ba wani kayan kirki a wurin. Roɗi ne aka cusa bakinsa biyu cikin gwangwanin fenti cike da kankare, sai tsofaffin ƙarafan injin mota, sai bencin katako da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Cikin wata shida jikinsa ya buɗe. Masu ce masa Sillan Kara suka koma ce masa Basamude.

Hajiyarsu ta fi kowa murna, kuma ban ga laifinta ba. Tun 2018, da aka fallasa yadda maganin tari mai kodin ya cinye samarin garin nan har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi, duk uwar da ke da saurayi a Kano zuciyarta a ɗar-ɗar take. Ga nata ɗan ko taba ba ya sha, ba ya zaman dare, asuba ba ta wuce shi. In an kawo mata ƙorafi amsarta ɗaya ce: "Ku ƙyale min yaro. Gara ƙarfe da ƙwaya." Wannan maganar ta yi masa katanga shekara uku.

Yadda ya yi nisa

Ya yi aure a 2022, ya kuma bar kango ya koma wani gidan motsa jiki na kuɗi, mai madubai bango-bango da janareta. Zuwa 2023 ga yadda wuninsa yake, kamar yadda shi da matarsa suka lissafa min: gudun kilomita 12 bayan asuba, sai kasuwa, da an yi la'asar kuma ya sulale ya bar wa yaran shago, ya yi ta ɗaga ƙarfe har a kira magariba. Ba Juma'a ba Lahadi. In wani abu ya tare shi da yamma, bayan isha zai rama, kamar mai bashin salla. Da muka haɗa lissafi ya kusa awa 26 a sati. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da kwana biyu ko fiye na ƙarfafa tsoka. Abin da ake nema a sati, Auta a wuni ɗaya yake cinye shi.

Amma kada a ɗauka yawan awanni ne cutar. Ɗan wasan Kano Pillars yana atisaye mai zafi, ɗan dambe ma haka, ba wanda ya ce suna da matsala. Kai, ɗan dakon da ke ɗaukar dila a Kwari ko buhun sukari a Singa ya fi Auta aikin ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai ka kira ɗan dakon nan ka ba shi kuɗin wuninsa ka ce ya je ya kwanta, hannu biyu zai sa ya karɓa yana sa maka albarka. Auta ko nawa za ka ba shi ba zai kwanta ba. Da irin wannan ma aka fara lura da matsalar. A 1970 wani mai binciken barci a Amurka, Frederick Baekeland, ya nemi masu motsa jiki su dakata wata ɗaya don ya ga yadda barcinsu zai canza. Masu yi kusan kullum suka ƙi, duk da tayin kuɗin da ya yi musu. Waɗanda suka yarda, masu yi kwana uku ko huɗu a sati, su ma sun yi ta kukan fargaba da farkawa cikin dare.

Matarsa ta haihu a daminar 2023. Ranar suna, an raɗa suna a masallaci bayan asuba, an raba dabino da goro, mahauci ya kayar da rago, aka nemi angon ƙarni aka rasa. Babbar rigarsa aka gani a ninke a kan babur ɗinsa a zaure. Sai wajen ƙarfe tara ga shi ya shigo sharkaf da gumi, kawunnansa da suka zo daga ƙauye sun gaji da jira sun kama hanya. Yayansa ya yi kwana uku bai amsa gaisuwarsa ba. Na tambaye shi abin da ya kai shi. Ya ce, "Wallahi Likita na yi niyyar zama. Ina zaune a sahu ana addu'a, ƙafata tana rawa, ƙirjina ya cushe, na ji in ban fita ba zan iya marin wani."

Kuɗi ma sun fara magana. Ƙwai goma yake ci a rana, ga garin furotin na gwangwani da ake shigo da shi daga waje, wanda kuɗinsa ya tashi tare da dala tun tsakiyar 2023. Mai shayin bakin layinsu ya buɗe masa shafi guda a littafin bashi. Sau biyu lissafin shago ya ƙi cika, Yaya ya san inda kuɗin suka bi, ya haɗiye.

Da hunturu ya shigo ƙwaurinsa na dama ya fara ciwo. Da fari sai ya yi nisa da gudu yake ji, daga baya tun takun farko, daga baya har a kwance. Ya shafa man zafi, ya ɗaure da bandeji a ƙarƙashin wando, sannan ya koma haɗiyar diklofenak biyu kafin ya fita. A kemis yake saye, ba wanda ya tambaye shi na mene ne.

Azumi

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, ya faɗo cikin bazara, lokacin da ma'aunin zafi a Kano kan taɓa 40. Shi ne kuma lokacin cinikin 'yan Kwari, kowa na neman kayan Sallah kafin teloli su rufe karɓar ɗinki. Yaya ya zaunar da shi ya ce ya jingine tirenin har bayan Sallah. Ya ce to. Abin da ya yi shi ne ya mai da gudun bayan sallar asham, ƙarfen kuma ya bar shi inda yake, daga la'asar zuwa shan ruwa, da azumi a bakinsa.

Wajen 18 ga azumi aka sa gasa tsakanin abokan tirenin: wa zai fi yawan tashi-tsuguna da ƙarfe a wuya. An ɗauke wuta, janareta ba mai, fankoki a tsaye, ana ɗauka a waya don a ɗora a sitatus. Auta ya ci gasar. Washegari cinyoyinsa suka kumbura suka yi tauri kamar icce, sujada ta gagare shi. Ya ce ciwon tirenin ne, maganinsa kuma tirenin, ya haɗiyi diklofenak da sahur ya koma. Kwana na uku fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, kuma ɗan kaɗan. Ya sha ruwa ya amayar. Matarsa ce ta ga abin da ya bari a bayi, ba ta yi shawara da shi ba ta kira Yaya.

Likitoci suna kiran wannan rabdomayolisis, wato rugujewar tsoka. In aka tilasta wa tsoka fiye da ƙarfinta, ƙwayoyinta kan fashe su zubar da abin da ke cikinsu a jini. Daga ciki akwai wani sinadari mai launi, mayogulobin, shi ke rina fitsari, shi ke kuma toshe ƙananan hanyoyin tace jini a ƙoda. Akwai kuma fotasiyam, wanda in ya yi yawa a jini yakan rikita bugun zuciya. Zafi da ƙishirwa suna tsananta abin, magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen kuma suna rage jinin da ke shiga ƙoda daidai lokacin da ta fi bukatarsa. Auta ya haɗa ukun. Akwai na huɗu da bai taɓa kawowa a ransa ba: jininsa AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila ta ɓangare ɗaya ba tare da yana da ciwon ba, kamar kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya. Ya sani tun gwajin aure, amma a ganinsa maganar aure ce kawai. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan sojojin Amurka baƙar fata sama da 47,000 ya gano masu AS sun fi sauran haɗarin wannan rugujewar tsoka da kashi 54 cikin 100. Wannan ba ya nufin mai AS ya daina motsa jiki. Yana nufin ya kiyayi zafi da ƙishirwa da gasar wa-ya-fi-wani.

Kwana shida ya yi a kwance ana ɗura masa ruwa leda bayan leda. Allah ya taƙaita, ƙodar ta farfaɗo ba a kai ga wanki ba. A daren kwana na uku ne ma'aikaciyar jinyar nan ta zo canza ruwa ta tarar da gado wayam. A bayi ta same shi, ya rataye ledar ruwan a jikin taga, yana tashi-tsuguna yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa, jini ya hau robar har rabi. Ya ce mata, "Ashirin kawai zan yi, Sista." Asalin kalma huɗun nan ke nan.

Abin da na gani

Ƙafar ba ta ba ni wahala ba. Na bi ƙashin ƙwauri da babban yatsa har na zo wani wuri da bai fi faɗin yatsan ba, ya zabura. Na ce ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya kasa. Hoto ya nuna tsagewar ƙashi irin ta gajiya, har da alamar ƙashin ya yi ta ƙoƙarin haɗewa ana sake tsaga shi. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Kowane gudu yana barin 'yan ƙananan tsagu, hutu ne ke liƙe su. Haka tsoka: ba a ƙarƙashin ƙarfe take girma ba, a kan katifa take girma, shi ya sa ake ba tsokar da aka wahalar kamar kwana biyu kafin a koma kanta. Maganin irin wannan tsagewar sati shida zuwa takwas ne ba gudu. Da na faɗa masa haka sai da idonsa ya kawo ruwa. Mutumin da aka ce bai yi ko uhum ba da aka ambaci wankin ƙoda.

A nan na tabbatar ba ƙafa aka turo min ba. Akwai wasu tambayoyi shida da Mark Griffiths da abokan aikinsa suka tsara a Ingila a 2004 don tantance masu wannan hali. Kowace ana ba ta maki 1 zuwa 5. Na juya masa su da Hausa: shin motsa jiki ne abu mafi girma a rayuwarka, ya taɓa haɗa ka rigima da iyali, kana yin sa ne don ka sauya abin da ke ranka, kana ta ƙara yawansa, in ka rasa ranka na ɓaci ka yi ta faɗa, in ka rage sai ka koma gidan jiya. Daga 24 zuwa sama ana ɗaukar mutum yana cikin haɗari. Auta ya samu 28 cikin 30. A tambayar farko kaɗai ya yi turjiya, ya ce, "A'a, salla ce gaba." Na ce haka ne, to sau nawa magariba ta same ka a ƙarƙashin ƙarfe? Ya yi shiru, ya ce in rubuta uku.

Tambayoyin nan tantancewa ce kawai, ba hukunci ba. Har yau jarabar motsa jiki ba ta shiga manyan kundayen cututtukan ƙwaƙwalwa da sunanta ba. Kundin likitocin Amurka na 2013 caca kaɗai ya karɓa cikin jarabobin da ba na shaye-shaye ba, na Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ya ƙara da wasannin kwamfuta. Ba kuma abu ne da ya yi yawa ba: wani bincike a ƙasar Hangari a 2012 ya samu ƙasa da mutum 1 cikin 100 a jama'a gaba ɗaya, da kamar 2 zuwa 3 cikin 100 a masu motsa jiki a kai a kai. Ina faɗin wannan ne don kada wani mai tumbi ya karanta rubutuna ya samu hujjar komawa kan tabarma. A ɗakin da nake aiki, in na ga mutum ɗaya irin Auta, na ga ɗaruruwan da zama ya kassara: shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga, ciwon baya.

Masana sun raba abin gida biyu tun 1987. Akwai wanda motsa jikin ne kansa ya kama shi, akwai kuma wanda yake yi don ya ƙone abin da ya ci, wato asalin cutarsa ta cin abinci ce. Auta ba na biyun ba ne, yana ci kamar gara. Na tambaye shi allurar ƙara tsoka da ake sayarwa a ɓoye a wasu wuraren, ya ce an yi masa tayi ya ƙi, don ya ji tana taɓa haihuwa, kuma gaskiya ya ji. Tiramol ma bai taɓa ba. Amma da na sa ya tsaya gaban madubin ɗakin gashi na ce me ka gani, sai ya kama damtsensa ya ce, "Duk na zube. Na koma Sillan Kara." Damtsen da hannuna biyu ba su zagaye ba. Wannan ma sananne ne: tun 1993 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Harrison Pope, ya bayyana masu ɗaga ƙarfen da ke ganin kansu ƙanana komai girmansu.

Ra'ayina, kuma daga baya masaniyar halayyar ɗan'adam da ta gan shi ta zo da kusan irinsa, shi ne Auta bai taɓa zaman makokin mahaifinsa ba. Gudu ya ba shi barci, ƙarfe ya ba shi suna, gari kuma ya yi ta tafa masa. Mai shan ƙwaya ɓuya yake yi, kowa na tsine masa. Shi kuwa a bainar jama'a yake shan tasa, ana cewa ma sha Allahu. Kallon kitse aka yi ta yi wa rogo.

Jinya

Da na ambaci ganin masu kula da ƙwaƙwalwa ya miƙe tsaye. "Likita, Dawanau za ka tura ni? Ni mahaukaci ne?" A Kano da ka ce ƙwaƙwalwa, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau hankalin kowa ke tafiya. Sai da na yi masa zama uku kafin ya yarda, shi ma don na ce ba zan rubuta masa ranar komawa tirenin ba sai ya je.

Na nemi ganin iyalinsa. Hajiya ta zo da carbi a hannu, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Yanzu Likita, motsa jikin da ku kuke cewa a yi, shi ne kuma ya zama ciwo?" Na ce, "Hajiya, zuma ma magani ce, amma ba a shanye kwalba." Ba ta gamsu ba a ranar. Abin da ya juya ta labarin bayin asibiti ne, wanda aka ɓoye mata. Matar kuwa sai da Hajiya ta fita sannan ta buɗe baki, kanta a ƙasa: "Da kishiya ce, da na san yadda zan zauna da ita. Wannan ko na kai ƙara, ni ake ba rashin gaskiya."

Ta ɓangaren addini ya fi ba mu wahala, don yana da hujja a baki: mumini mai ƙarfi ya fi alheri, ya kuma fi soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni. Hadisi ne ingantacce, ba na ja. Yaya ne ya yi dabarar kai shi wurin limamin unguwarsu, wanda ya karantar da su tun suna yara. Malam bai musa masa ba. Ya tuna masa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, sahabin da ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka, Annabi (SAW) ya hana shi, ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka, matarka tana da haƙƙi a kanka. Malam ya ce, "To ɗana, ibada ma aka yi mata iyaka, balle ƙarfe?" Auta ya ce min wannan maganar ta fi duk bayanina shiga jikinsa. Ban ji haushi ba.

Ba a yi wa mai irin wannan jarabar abin da ake yi wa mashayi, a ce ya bari har abada. Jikinsa na bukatar motsi, kuma shi ne abin da ya riƙe shi shekara huɗu. Iyaka ake mayar masa. Sati takwas na farko ba gudu ba ƙarfe, sai keken ɗakin gashi minti 20 a gabana, bayan likitocin ƙoda sun ba da izini. Satin farko ya sha wuya: ba barci, ciwon kai, faɗa da kowa, har yaran shago suka riƙa kauce masa. Daga nan muka rubuta a takarda: kwana uku a sati, minti 45, ba a jere ba, ba ramako in ya rasa, ba maganin ciwo kafin fita, ba gasa. Agogon da ke ƙirga masa taku ya koma aljihun Yaya. Ya daina ɗora hoton tirenin a waya. Masaniyar kuma ta riƙa zama da shi duk sati biyu, suna bin tunanin da ke taso masa in ya zauna shiru, irin su "in na huta kwana ɗaya zan zube", suna gwada shi da abin da ya faru a zahiri. A zama na biyar ne ya fara maganar daren da mahaifinsa ya cika.

Na yi kuskure ɗaya da ya kamata in faɗa. Na ce matarsa ta riƙe kambas ɗinsa, ta riƙa ba shi ranar tirenin kawai. A takarda dabara ce. A gida kuwa na mai da ita ɗan sanda a kan mijinta, cikin sati biyu suka yi rigimar da ba su taɓa yi ba, har ta kwana biyu a gidansu. Na janye, na ba ta haƙuri. Mace mai shekara 22 da goyo a baya ba ita ya kamata in ɗora wa wannan kayan ba.

Ya koma gidan jiya sau ɗaya, a Nuwamban 2024. Sun samu saɓani da Yaya a kan wasu kaya da suka maƙale, barci ya sake gudu, shi ma ya bi shi da gudu: kwana 12 a jere, cikin dare, da sabon kambas da ya ɓoye a shagon wani abokinsa. Ƙwaurin ne ya tona masa asiri. Bambancin wannan karon, shi ya kawo kansa, ya zauna a kujerar nan ya ce, "Likita, na karya." Muka koma baya sati uku muka sake hawa.

Azumin 2025 ne na fi jin tsoro. Mun yi yarjejeniya ba komai da rana, sai tafiya da ɗan ƙarfe mara nauyi bayan asham, kwana biyu a sati. Ya cika, sai dare ɗaya da ya ce ya ƙara minti 30.

Zuwansa na ƙarshe bayan Sallah ne. Gwajin ƙoda lafiya lau, ƙafa ba ciwo, ya ragu da kilo shida, kuma har yanzu ba ya son tsayawa gaban madubi. Tambayoyin nan shida ya samu 19. Barci yana zuwa yana tafiya. Ya ce ranar Juma'ar da ta wuce ya bi Yaya maƙabarta, karo na farko tun da aka binne tsohon, ya daɗe a tsugune har Yaya ya koma mota ya jira shi. Ya zo da 'yarsa, tana ta jan igiyar keken gashi. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Likita, kwana ukun nan, ba za a mai da su huɗu ba?"

Na ce ya fara tambayar maiɗakinsa.

Ya yi dariya. "Ai ita ta ce in tambaye ka."

Na rubuta masa ya dawo bayan wata uku, na bar ukun yadda suke.